Ranar da Likita Ya Je Neman Tallafin Karatu

Likita ya zaro hankici ya shimfiɗa a kan bencin kafin ya zauna, don farin yadin da ke jikinsa tun jiya da yamma maiɗakinsa take fama da shi, ta wanke, ta sa bula, ta goge har karin wandon ya tsaya cak. Barandar cibiyar ilimin manya ta cika da maza, yawancinsu da furfura jefi-jefi, kowa da 'yar ledar takardunsa a cinya. A bango an manna sanarwa da manyan baƙaƙe: tallafin karatu ga iyaye maza masu son komawa makaranta. A ƙasanta wani ya ƙara da biro, wai gemu ba ya hana ilimi.

Ba likita ba ne, kada a yi masa ƙarya. Aikinsa a babban asibiti tura gadon marasa lafiya ne, daga ɗakin kwanciya zuwa ɗakin hoto, daga ɗakin tiyata zuwa duk inda aka ce. A can ba wanda ya san shi da wannan suna, "mai gado" ake ƙwala masa kira. Amma a layinsu, tun ranar da ya fara fita da katin asibiti rataye a wuya aka laƙaba masa Likita, sunan ya bi shi har na yankan ya ɓace. Mata su aiko masa da kwalin magani ya duba ko ya lalace, maza su tare shi a hanya su nuna masa takardar gwaji. Yakan faɗi iya abin da ya sani, sauran ya ce a je a ga likitan gaske. Sunan yana masa daɗi, yana kuma ci masa rai, don a aji uku na sakandare karatunsa ya tsaya, shekarar da mahaifinsu ya kwanta ciwon ajali ya bar masa ƙanne a wuya.

Tun daga nan kwaɗayin aji bai sake shi ba. Yanzu babbar 'yarsa ta kai ajin da ya bari. In ta ajiye littafin kimiyya ta tafi wanke-wanke, sai ya ɗauka kamar mai duba ko ta yaga, ya yi ta kallon hoton zuciya da jijiyoyinta ja da shuɗi har ya ji motsinta. Abin da yake so bai taka kara ya karya ba: takardar gama sakandare, daga nan makarantar koyon aikin lafiya, ya zama mai gwajin jini, ya ga da idonsa abin da ke cikin 'yan kwalaben da ake ba shi ya kai kullum. Kuɗin karatun ne dai ya fi ƙarfin aljihunsa, shi ya sa ya roƙi abokin aikinsa ya riƙe masa safiyar yau.

"La'ilaha illallahu! Likita? Kai ma a nan?"

Mai facin bakin layinsu ne, da rigar aikinsa baƙa ƙirin da mai, silifas ɗinsa ɗaya ɗaure da waya. Ya zo ya zube a gefensa, Likita ya ɗan janye gefen rigarsa.

"Ko kai ne za ka yi mana tambayoyin? Wallahi da na huta."

"Haba dai. Na zo ne in ga yadda tsarin yake."

"To gani ya kori ji. Ni kam karatu zan koma, Likita. Yaran nan sun fara raina ni, in na ce kaza su ce ba haka malam ya ce ba. A aji biyu na gudu, yanzu ga ni na dawo da ƙafata, ba mai bulala a bayana."

Ya kwashe da dariya har mutanen benci suka taya shi. Likita ya yi murmushin yaƙe, yana addu'a a zuci Allah ya sa a kira mutumin nan da wuri ya kama gabansa.

Aka kuwa kira shi da wuri, sai dai nan ne Likita ya gano abin da bai lura da shi ba tun zuwansa. Ofishin tallafin ba ɗaki ba ne na gaske, wani yanki ne na barandar aka kewaye da katako, katakon kuma bai kai rufi ba. Duk abin da aka faɗa a ciki sai ya haura ta sama ya faɗo kan masu jira. Muryar malamar ofis ƙasa-ƙasa take, amma ta mai faci, wa iyazu billahi.

"Malama, in gaya miki gaskiya? Ko sisi! Injin iskata ya girme ni, rana ɗaya ya yi aiki rana biyu ya yi tari. Haya? Mai gidan in ya hango ni sai ya fara salati. Yara kuwa Allah ya ba ni, abin ba su ne bai ba ni ba tukuna. Rubuta, Malama, rubuta duka, in takardar ta cika a ƙaro wata."

Baranda ta ɗauki dariya. Wani dattijo ya ce, "Wannan ba ya jin kunyar kowa." Wani ya amsa, "Ai shi zai samu." Likita bai yi dariya ba, gumi ne ya fara tsattsafo masa a ƙarƙashin hula.

Mai faci ya fito yana washe baki. "An ba ni cikakke! Har da littattafai da kuɗin mota." Maimakon ya wuce sai ya koma mazauninsa, wanda ke manne da katakon, ya miƙe ƙafa. "Shiga ka fito, Likita, in jira ka mu tafi tare. Ai hanyarmu ɗaya har kasuwa."

Malamar ofis mace ce mai matsakaicin shekaru, da tabarau a karan hanci da tulin fayil a gabanta. Ta amsa sallamarsa, ta nuna masa kujera, ta duba tsohuwar takardar shaidarsa ta aji uku wadda ta yi ja don ajiya, ta ce ba matsala, ajin kammala sakandare zai shiga, da yamma bayan an tashi aiki.

"Tallafin namu hawa uku ne, Malam," in ji ta. "Akwai cikakke, ga wanda ba shi da halin biya sam. Akwai rabi. Akwai kuma na masu hali, su biya da kansu amma mu rarraba musu kaɗan-kaɗan. Zan yi maka tambayoyi, abin da ka faɗa shi zan rubuta. Albashinka yana kai ku ƙarshen wata?"

Albashin da ko tsakiyar wata ba ya gani. Likita ya buɗe baki, sai ya ji mai faci ya yi gyaran murya a bayan katakon, kusa ƙwarai, kamar a kafaɗarsa.

"Alhamdulillahi," ya ce. "Muna cikin rufin asiri."

"Gidan kanka ne ko haya?"

"Haya ce, amma ba a taɓa jin kanmu da mai gida ba."

"An taɓa koro maka yaro daga makaranta saboda kuɗi?"

"A gidana? Allah ya kiyaye."

Wata bai cika ba da aka koro na biyun, ya yi kwanaki a gida ana cewa maƙwabta zazzaɓi yake yi. Malamar ta ɗago ta dube shi ta saman tabarau, ta dubi hannuwansa da ya ɗora a gwiwa, masu kanta saboda riƙon ƙarfen gado. Ta rage murya.

"Malam, ka dai fahimci dalilin tambayoyin nan ko? Ba jarrabawa ba ce. In an ce ka biya kuɗin makarantar da kanka, za ka iya?"

Ya fahimta sarai. Amsar tana nan a bakinsa, gajeriya, ya kwana yana maimaita ta. Amma a bayan katakon nan akwai mutumin da matarsa ta aiko da jaririnsu cikin zani ran nan a tambayi Likita ko a kai shi asibiti. Gobe war haka duk layi ya ji cewa Likita ya je ya yi kukan babu a gaban mace, a jere da mai faci.

"In Allah ya yarda ba zai gagara ba," ya ce.

Ta ɗan jira, ko zai ƙara wani abu. Bai ƙara ba. Ta sunkuya ta yi rubutu, ta ce to an sa shi a hawa na uku, sai ya kawo kason farko kafin Litinin, ranar da za a fara karatu. Ta faɗi adadin. Likita ya gyaɗa kai kamar an ce masa kuɗin shayi, ya yi godiya har sau biyu, ya fito.

A cikin bas mai faci bai rufe baki ba. "Kai, Likita, na ji ka! Haka ake son namiji. Ai mu ne 'yan a-taimaka, ku Allah ya riga ya gama muku." Da kwandasta ya miƙo hannu sai ya nuna gefensa da haɓa. "Likita zai biya, mu biyu ne." Likita ya biya, da kuɗin da ya ware na abincin rana. Mai faci ya sauka a kasuwa zai sayi gam, yana ɗaga masa hannu ta taga, yana cewa sai sun haɗu a aji ranar Litinin, shi a baya zai zauna don ya riƙa leƙen amsa.

A asibiti ya cire farin yadin ya ninke a leda, ya sa shuɗiyar rigar aiki. Bai gama ɓalla maɓalli ba aka ƙwala, "Mai gado!" Ya tura wata tsohuwa ɗakin hoto, ya dawo da wani mai karaya, ya kai kwalaben jini ɗakin gwaji. A can ya tarar an kawo sababbin ɗalibai, sun kewaye tebur cikin fararen riguna, shugaban ɗakin yana nuna musu yadda ake shafa ɗigon jini a kan gilashi. Wata yarinya da ba ta girmi 'yarsa da yawa ba ta kafa ido a na'urar duba ƙwayoyin jini, ta yi ƙara, "Na gani! Ga su nan kamar 'yan zobba!" Sauran suka yi ta turereniya.

Likita ya ajiye kwalaben a inda ake ajiyewa, amma ƙafarsa ta ƙi tafiya. Ya tsaya a bakin ƙofa da tiren kwalaben a hannu. Shekara da shekaru yana zuwa ƙofar nan, bai taɓa sa ido a na'urar ba, bai kuma taɓa roƙo ba. Ya ji yana son ya ga 'yan zobban nan kamar yadda mai ƙishirwa ke son ruwa. Da safen nan an buɗe masa hanya, shi da bakinsa ya rufe ta.

"Malam, akwai wani abu ne?" shugaban ɗakin ya tambaya.

"A'a, ranka ya daɗe. Na kawo ne."

Wayarsa ta yi ƙara yana cikin wanke hannu a bayan ɗakin kwanciya. Maiɗakinsa ce. Ya so ya ƙi ɗauka, ya san kuwa in bai ɗauka ba za ta yi ta kira.

"Baban yara, shiru shiru. Yaya aka yi? Matar mai faci ta shigo tana ta guɗa, wai an ba mijinta."

"Ni ma an ɗauke ni."

"Alhamdulillahi! Cikakke?"

"Na biya kaɗan-kaɗan ne. Za a kai kason farko kafin Litinin."

Yana jin ƙarar keken ɗinkinta ta tsaya.

"A kai daga ina?"

"Allah zai kawo."

"Me suka tambaye ka, me ka ce musu?"

Ya gaya mata, a gutsuttsure, har da katakon da bai kai rufi ba, har da mai faci da ya zauna a gindinsa. Yana fata ta ce ai ka yi daidai, mutunci ya fi komai. Ba ta faɗa ba.

"Wa kake ɓoye wa, Baban yara? Mai faci? Dutsen gugar da na goge maka kayan nan jiya na matarsa ne, namu tun yaushe ya mutu. Bular ma ita ta ɗibar mini. Ran da aka koro yaron nan, wa kake tsammani ya je gaban hedimasta ya tsaya? Mai kanti, mai gida, mai ruwa, duk ni nake zuwa in ce musu babu, a yi mana haƙuri, kai kuma ka wuce su da katinka a wuya su ce sannu Likita. Ban taɓa yi maka ƙorafi ba, don ina son in ga ana girmama ka. Amma shekara nawa ina faɗin babu a madadinka? Yau ɗaya aka ce ka faɗa da bakinka, don abin da kai kake so, ba don ni ba, ba don yara ba."

"Ke ba ki gane ba ne..."

"Na gane. Ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Ina ganinka fa da littafin yarinyar nan, kana tsammani ba na gani? Wallahi tausayi kake ba ni, haushi kuma kake ba ni."

Muryarta ta karye a ƙarshe, ta kashe wayar. Likita ya tsaya da hannu jiƙe, famfo yana ta zuba. Kunya ta rufe shi, irin wadda bai ji ba ko a gaban malamar ofis. Ashe rigar mutuncin da yake taƙama da ita wata ce take wanke ta tana gogewa, shi sawa kawai yake yi.

Ya samu babbar nas tana cika takardu a teburinta. Mace ce mai faɗa, amma ba ta da mugunta.

"Sista, ina neman alfarma. In tashi yanzu, kafin lokaci."

"Kai da ka zo da rana? Yau lafiya kake kuwa?"

"Makaranta nake nema, ta manya. Na je da safe na ɓata abin da kaina. Ina so in koma kafin su rufe."

Ta cire biro daga baki ta dube shi sama da ƙasa. "Makaranta? Kai?" Sai kuma ta kawar da kai. "Ka kai mai karayar nan ɗakinsa tukuna, sannan ka ɓace mini da gani. Gobe kuma kada in ji kada in gani."

Bai tsaya sauya kaya ba. Bas ya yi ta tsaye-tsaye kamar da gayya, a kowace kwana sai an sauke an ɗauka. Da ya isa cibiyar la'asar ta yi, barandar ta ragu amma ba ta watse ba, akwai sauran mutane a benci, cikinsu har da wani mai gyaran rediyo da ya san shi a fuska. Ya jira layinsa. Wannan karon bai shimfiɗa komai ba, ya zauna kawai.

Malamar ta gane shi tun kafin ya gama sallama. Ta dubi shuɗiyar rigar.

"Malam, ka dawo. An samo kason farkon ne?"

"A'a, Malama. Amsoshin da na ba ki da safe nake so a gyara."

Ta jawo fayil ɗinsa daga ƙasan tulin ta buɗe. "Na yi zaton haka. Na daɗe a kujerar nan, na ga irinku da yawa. Amma ba ni da ikon rubuta abin da mutum bai faɗa ba." Ta ɗauki biro. "Za ka iya biyan kuɗin makarantar?"

"Ba zan iya ba."

Fankar sama tana ta ƙugi, maganar kuma a cikin gemunsa ta tsaya.

"Ban ji ba, Malam."

"Ba zan iya ba," ya ce da ƙarfi, har ya ji hirar baranda ta ɗauke. "Ba ni da shi. Albashina ba ya kai mu tsakiyar wata. Mai gida yana bin mu. An koro mini yaro watan nan, na ce wa mutane zazzaɓi yake yi. Matata ce take rufa mana asiri da keken ɗinki. Ina son karatun nan, Malama, tun ina saurayi nake son sa, ban taɓa daina so ba."

Ya tsaya yana haki kamar wanda ya hau bene da gado. Ya jira ya ji dariya daga bayan katakon. Ba wanda ya yi dariya. Wani ya yi tari, wani ya ci gaba da maganar da yake yi a kan tsadar taya. Malamar ta gama rubutunta, ta ajiye biron, ta cire tabarau ta murza ido.

"Da haka ka faɗa da safe, da yanzu sunanka yana cikin na cikakke. Guraben a ƙidaye suke, Malam, tun azahar suka cika. Na rabin ma sun cika. Ba zan cire wani in sa ka ba."

"Haka ne."

"Abin da zan iya, in sa ka a farkon na zango mai zuwa. Kai ne na ɗaya, ba sai ka sake layi ba. In wani ya janye kafin nan, zan kira ka, amma kada ka sa rai, ba kasafai ake janyewa ba."

"Zangon yaushe ne?"

"Sai bayan an gama wannan, an yi hutu."

Watanni ke nan. Ya yi shekaru yana jira bai ji tsawonsu ba kamar yadda ya ji tsawon watannin nan tun ba a fara su ba. Ya yi mata godiya, sau ɗaya, ta gaske. Da ya fito mai gyaran rediyo ya ɗaga masa hannu ya ce, "Sannu, Likita," kamar kullum, ba ƙari ba ragi.

A bakin ƙofar cibiyar ya kira gida.

"An ba ka?"

"Sai zango mai zuwa. Guraben sun cika."

Ta ja numfashi. "Amma ka faɗa?"

"Na faɗa. Har na waje sun ji."

"To," in ji ta. Sai kuma ta sake cewa, "To." Ya ji keken ɗinkin ya ci gaba da tafiya kafin ta kashe.

Rana ta yi ja lokacin da ya sauka a bakin layinsu. Mai faci yana tsugune a rumfarsa, ya tsoma tiyub a bahon ruwa yana neman inda yake fitar da iska. Hanyar gida ta miƙe, Likita yana iya wucewa da sallama daga nesa kamar yadda ya saba. Amma sai ya ratse ya shiga rumfar.

"A'a, ɗan ajinmu! Yau da kayan aiki aka dawo?"

"Ba zan fara da ku ba ranar Litinin."

Mai faci ya ɗago. "Subhanallahi. Me ya faru?"

"Abin da na faɗa da safe ba gaskiya ba ne. Ba ni da kuɗin. Na koma na gaya musu, amma na makara, sai zango mai zuwa."

Mai faci ya saki tiyub ɗin a ruwa, ya goge hannu a riga. Bai yi mamaki ba, bai kuma yi kamar ya yi ba. "Ni fa da na ji ka a ciki na ce a raina, yau Likita zai kashe kansa da kansa. Na yi ta gyaran murya don ka tuna ka faɗi gaskiya, ashe ƙara rikita ka nake yi."

Likita ya kusa yin dariya. Ya dubi ƙasa, ya dubi tulin tsofaffin tayoyi, sannan ya faɗi abin da ya kawo shi.

"Alfarma nake nema. In kun fara, littattafan da za a ba ka, da abin da malam ya rubuta muku, ka riƙa ara mini in kun taso. Ko na dare ɗaya ne, da safe in dawo maka da su. Ba na so zangon nan ya wuce ni a banza."

"Ni zan ara wa Likita littafi?" Mai faci ya girgiza kai, amma ba dariya a fuskarsa. "Rubutuna fa kamar kaza ta bi ta kan tawada. In ka iya karantawa, bismilla. Sai dai da sharaɗi: abin da ban gane ba, kai za ka warware mini, don lissafin nan tun yanzu cikina ya ɗuri ruwa."

"In na gane."

"Za ka gane mana." Ya jawo wata taya da ƙafa ya tura masa. "Zauna in gama wannan, mai babur yana jira. Sun ba mu jerin darussan ma tun yau, yana cikin ledar takarduna can, ɗauko ka fara gani."

Likita ya ɗauko takardar, duk ta yi shatin yatsu da baƙin mai. Ya zauna a kan tayar, ya karkata ta wajen sauran hasken rana, ya fara karantawa daga layin farko.